Darasi Domin Iyali: Ƙarfafa Zuciyar Iyayen Bakwaini a Asibiti

Gabatarwa

'Yan'uwa, a unguwanninmu na Gusau da Tsafe da Bungudu da wuya a sami gidan da bai taɓa jin labarin bakwaini ba. Naƙuda takan zo wa mace tun cikinta yana wata bakwai ko takwas, kayan haihuwa ba su haɗu ba, sai a haifi ɗan mitsitsin yaro, likita ya ce dole a sa shi a kwalba. Daga nan uwa takan tsaya a bakin taga tana leƙen ɗan da ta haifa, tana tsoron taɓa shi. Uba kuma yana waje riƙe da takardar sayen magani, bai san abin da zai tambaya ba. Bayan kwana uku ko huɗu, idan gajiya da kashe kuɗi sun yi yawa, sai wani daga cikin dangi ya ce a ɗauke yaron a koma gida, abin da zai faru ya faru.

Wannan darasi an shirya shi domin irin waɗannan iyaye, da kuma dukanmu da ke kewaye da su. Abin da muke so mu koya shi ne cewa uwar bakwaini tana cikin masu jinyar ɗanta tun daga ranar farko, kuma ƙarfin zuciya yakan zo mata ne ta wurin yin aikin da hannunta, kaɗan-kaɗan, a gaban ma'aikatan jinya, kafin ranar sallama.

1. Wane ne bakwaini?

Cikakken ciki yakan kai mako 40 ko kusa da haka. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 ya cika, shi ne likitoci ke kira wanda bai isa haihuwa ba, mu kuma muke kira bakwaini, ko da watanninsa sun wuce bakwai. An kasa su kashi uku: waɗanda aka haifa kafin mako 28, waɗanda aka haifa tsakanin mako 28 da 32, da kuma waɗanda aka haifa daga mako 32 zuwa 37. Kashi na uku su ne mafi yawa, kuma yawancinsu sukan rayu idan sun sami ɗumi da nono da tsabta. Akwai kuma jaririn da watanninsa suka cika amma nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba. Shi ma yana bukatar irin wannan kulawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokacinsu, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Nijeriya ce ta uku a yawan irin waɗannan jarirai, bayan Indiya da Pakistan, da kimanin dubu 774 a wannan shekara. Saboda haka wadda abin ya same ta kada ta ɗauka ita kaɗai ce.

Akwai abubuwan da aka sani suna jawo haihuwar bakwaini: cikin tagwaye, hawan jini na masu ciki, zazzaɓin cizon sauro, cututtukan mafitsara da na mahaifa, ciwon sukari, ɗaukar ciki da ƙuruciya, da kwanika. Amma sau da yawa ba a gano dalili ko kaɗan. Don haka ba daidai ba ne a ɗora wa mace laifi, a ce daka ta yi ko ruwa ta ɗauko, ko kuwa wani ne ya yi mata baki. Macen da ake zargi ba ta iya sakin jiki ta koyi komai.

2. Abin da ake yi masa a ɗakin jarirai

Rabin tsoron da iyaye ke ji yana fitowa ne daga ganin na'urorin da ba su san aikinsu ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

*Kwalba.* Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, fatarsa kuma siririya ce. Ko a ranar da mu manya muke gumi, shi yana iya yin sanyi, balle a lokacin hunturu. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Aikin kwalba shi ne riƙe wannan ɗumi.

*Robar hanci ta iska.* Huhu yana cikin gaɓoɓin da ke nuna daga ƙarshe. Shi ya sa wasu jarirai ke bukatar oksijin, ko na'urar da ke hura iska a hankali domin huhun ya zauna a buɗe. Ƙananan bakwaini kuma sukan dakata da numfashi na ɗan lokaci, domin ƙwaƙwalwarsu ba ta gama koyon tsara shi ba. Akwai maganin da ake ba su saboda haka, kuma abin yakan wuce yayin da suke girma.

*Siririn bututun abinci.* Jariri ba ya iya haɗa tsotsa da haɗiya da numfashi yadda ya kamata sai wajen mako 32 zuwa 34. Kafin nan ana zura bututu ta hanci ko ta baki zuwa ciki, a riƙa ba shi nonon uwarsa ta nan.

*Shuɗiyar fitila.* Shawara takan kama bakwaini fiye da sauran jarirai, domin hantarsa ba ta yi ƙwari ba. Hasken fitilar yana narkar da abin da ke sa fata ta yi rawaya, ana kuma rufe masa idanu domin kare su. Shanya yaro a rana ba ya maye gurbin wannan fitila, kuma shawarar da aka bari ta yi tsanani tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ji.

*Wanke hannu da hana shiga.* Jikin bakwaini bai iya yaƙi da ƙwayoyin cuta ba tukuna. Idan ma'aikaciyar jinya ta tsayar da masu barka a ƙofa, kare ran yaron take yi, kada a ɗauke shi wulaƙanci.

3. Isa asibiti da wuri

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a jihar Zamfara mace ɗaya ce kawai cikin kusan goma ke haihuwa a asibiti. Ma'ana, yawancin bakwaininmu a ɗaka ake haifarsu, a hannun ungozoma ko kaka. A Gusau akwai ɗakin kula da jarirai na musamman a asibitin tarayya wanda jama'a suka sani da FMC, da kuma a Asibitin Ƙwararru na Ahmad Sani Yariman Bakura. Mutanen Tsafe da na Bungudu su fara da babban asibitin garinsu, inda za a duba yaron a auna shi, a tura shi Gusau idan akwai bukata.

Dukanmu mun san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, da yadda tafiyar dare ta zama abin fargaba. Saboda haka macen da ta ga alamar naƙuda, ko zubar ruwa, ko jini, alhali cikinta bai kai wata tara ba, a kai ta asibiti tun da rana, kada a jira a ga abin da dare zai kawo. Mahaifa ta fi kowace mota iya ɗaukar bakwaini lafiya. Ban da haka, idan an isa da wuri, akwai allurar da likita kan yi wa uwa kafin ta haihu domin huhun jaririn ya yi saurin nuna.

Idan kuwa an riga an haihu a gida, a tsane jikin yaron da tsumma mai tsabta, kada a yi masa wanka. A sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a kama hanya a ranar. Idan uwar ba ta da ƙarfi, ƙirjin uba ko na kaka ya isa. Kada a jira sai bayan suna.

4. Goyon ƙirji

A shekarar 1978, a wani babban asibitin haihuwa da ke Bogota, babban birnin Kolombiya a Kudancin Amurka, kwalabe sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai biyu ko uku a guda, cuta tana yaɗuwa a tsakaninsu. Sai wani likitan yara mai suna Edgar Rey Sanabria ya fara sa iyaye mata su ɗaure ƙananan jariransu a ƙirji, fata da fata, dare da rana, suna ba su nono. Aka sa wa hanyar suna goyon kangaru, saboda wata dabba ta ƙasar Ostireliya wadda ke renon ɗanta a cikin aljihun da ke jikinta. Mu da muka gāji goyo da zani da majanyi, abin da ya canza mana kawai shi ne yaron ya dawo gaba, kuma babu riga tsakaninsa da uwarsa.

Hanyar ba baƙuwa ba ce a jiharmu. Tun wajen 2007 aka fara koyar da ita ga ma'aikatan asibiti a Zamfara da Kano a ƙarƙashin shirin ACCESS, daga baya kuma shirin PRRINN-MNCH ya faɗaɗa ta a Zamfara da Katsina da Yobe.

Da farko ana jira sai yaron ya murmure a kwalba kafin a ba uwarsa shi. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya bincike a ƙasashe biyar, wato Gana da Indiya da Malawi da Nijeriya da Tanzaniya, domin a ga ko ya fi kyau a fara nan take. A Nijeriya an yi shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Jarirai 3,211 aka sa a ciki, masu nauyi daga kilo ɗaya zuwa ƙasa da kilo 1.8, aka kuma ajiye wa iyayensu mata gadaje a cikin ɗakin jariran. Da aka fitar da sakamakon a 2021, sai aka ga cewa cikin waɗanda aka fara musu goyon ƙirji nan take, 12 cikin ɗari ne suka rasu a kwana 28 na farko, amma cikin waɗanda aka jira, kusan 16 cikin ɗari ne. Wato mutuwa ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta ba da shawara a fara goyon ƙirji da zarar an haihu, a kuma yi shi daga awa 8 zuwa 24 a kowace rana, sai fa ga jaririn da ciwonsa ya yi tsanani har ba ya iya numfashi da kansa.

Ga yadda ake yin sa. A bar wa yaron hula da ƙunzugu da safa kawai. A tsayar da shi tsakanin nonon uwa, ƙirjinsa a kan nata, ƙafafunsa a buɗe kamar na kwaɗo. A juya kansa gefe, haɓarsa ta ɗan ɗaga domin hanyar numfashi ta buɗe. A ɗaure da zani sosai, bakin zanin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, sa'an nan uwa ta sa riga mai buɗewa ta gaba. In za ta yi barci, ta jingina da matasai, kada ta kwanta shame-shame. Duk lokacin da aka ɗora shi, a bar shi aƙalla awa guda, domin yawan ɗauka da saukewa yana gajiyar da shi. Karon farko a yi shi tare da ma'aikaciyar jinya, musamman idan akwai roba ko ƙarin ruwa a jikinsa.

5. Matakan koyo

A ƙasashen Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan an gwada wani tsari a ɗakunan jarirai 26, aka fitar da sakamakonsa a 2018. An bukaci iyaye su zauna da bakwaininsu aƙalla awa shida a rana, ana koya musu aikin jinya, suna kuma tsayawa tare da likitoci a lokacin zagaye. Jariransu sun fi saurin ƙara nauyi, an fi samun masu shan nonon uwa a lokacin sallama, damuwa da fargabar iyayen kuma ta ragu. Asibitocinmu ba su da kayan aikin waɗancan ƙasashe, ma'aikatanmu kuma sun yi kaɗan, amma wannan ma dalili ne da ya sa hannun uwa ya fi muhimmanci a nan. Sannu ba ta hana zuwa. Ga matakan da uwa, da uba inda aka ba shi izini, za su bi:

1. *Wanke hannu.* A cire zobe da awarwaro da agogo, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin kowane taɓi da kuma bayan canza ƙunzugu.

2. *Taɓawa.* Bakwaini ba ya son shafa ko cakulkuli. A ɗumama tafin hannu, a ɗora ɗaya a kansa, ɗaya a ƙafafunsa, a bar su a natse. A yi masa magana a hankali, gama ya san muryar uwarsa tun yana ciki.

3. *Canza ƙunzugu.* A kalli yadda ma'aikaciya ke yi sau ɗaya ko biyu, sa'an nan uwa ta ce, "Sista, bari in gwada kina kallo." A riƙa lura da sau nawa ya yi fitsari da bayan gida.

4. *Auna zafin jiki.* A koyi sa ma'aunin zafi a hammata da karanta lambar. Wadda ba ta karatu ta koyi taɓa tafin ƙafarsa da bayan hannunta. Ƙafa mai sanyi alama ce cewa yana bukatar ƙirji.

5. *Ciyarwa.* A fara da tatsar nono, a wuce zuwa riƙe sirinjin bututu, sa'an nan ba shi da ƙaramin kofi, har ya kama nono da kansa.

6. *Bin nauyi.* A tsaya a wurin sikeli kowace safiya. Jarirai sukan rage nauyi a kwanakin farko, wannan ba abin tsoro ba ne. Yawancinsu sukan koma nauyin haihuwa cikin mako biyu, ƙananan ƙwarai kuma sukan ɗan fi haka. Daga nan ana sa ran ƙarin kimanin giram 15 a rana ga kowane kilo na nauyinsa.

Matambayi ba ya ɓata. A lokacin zagayen likita, uwa ko uba su shirya tambayoyi kaɗan: Nawa ne nauyinsa yau? Nono nawa yake sha, kuma sau nawa? Wannan magani na mene ne? Me kuke jira ku gani kafin a cire wannan roba? Me zan iya yi masa da kaina yau? Idan an yi bayani da Turanci ba a gane ba, a roƙa a maimaita da Hausa. A yi tambaya da ladabi, a kuma tuna cewa ma'aikaciya ɗaya tana iya kasancewa da jarirai da yawa a hannunta.

6. Nonon uwa

Ruwan nono na farko, mai kauri da rawaya, wanda muke kira dakashi, shi ne rigakafin farko na jariri. Tsohuwar al'adar matse shi a zubar tana hana yaro abin da ya fi bukata. Ko ɗigo biyu ne aka samu, a kai wa ma'aikaciya. A fara tatsa cikin sa'o'in farko bayan haihuwa, a riƙa yi bayan kowace awa biyu ko uku, aƙalla sau takwas a yini da dare, ko da yaron bai fara tsotsa ba. Yawan tatsa shi ke kawo ruwa. Mata da yawa sukan ga ruwan ya fi zuwa idan sun tatsa a kusa da yaron, ko bayan goyon ƙirji.

Nonon uwa yana kare hanjin bakwaini daga wani mugun ciwo da ke kumbura ciki, wanda ya fi kama masu shan madarar gwangwani. Kada a ba shi ruwa, ko zuma, ko jiƙo, ko nonon dabba. Idan nono bai isa ba, a gaya wa likita shi ya yanke abin da za a ƙara. Ita kuma uwa ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa da kunu, ta sami barci gwargwadon hali.

7. Aikin uba da dangi da jama'a

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba macen da za ta iya goyon ƙirji na awa takwas ko fiye alhali hankalinta yana kan yaran da ta bari a gida da tukunyar da ba a ɗora ba.

Maigida ya sani cewa aikinsa ya wuce biyan kuɗi. Ƙirjinsa yana ɗumama yaro kamar na uwa. Ya karɓe ta na awa ɗaya ko biyu domin ta yi wanka ta huta. Ya zauna a wurin bayanin likita, domin sau da yawa shi ne zai yanke shawara. Idan kuɗi sun ƙare, ya faɗa wa likita da shugabar ɗakin gaskiya, ya kuma nemi taimakon 'yan'uwa, kafin ya sa hannu a takardar ɗauke yaro ba da yardar likita ba. Jaririn da aka cire daga oksijin ko bututun abinci kafin lokaci yana cikin babban hatsari.

Kaka da uwar miji su ne ginshiƙi. Maganarsu tana iya ɗaga mai jego, tana kuma iya karya ta. Maimakon a ce, "Wannan anya zai yi rai kuwa?" gara a ce, "'Yata, kawo shi in riƙe miki, je ki ci abinci." Inda al'adar kunyar ɗan fari take hana yarinya rungumar ɗanta a gaban manya, manyan ne za su sake ta, su ce mata wannan magani ne likita ya rubuta. Wankan jego da shagalin suna kada su zama dalilin fitar da uwa daga asibiti. Ana iya raɗa wa yaro suna a rana ta bakwai yana kan gadonsa, a ɗage taro sai ya yi ƙwari.

Mu jama'a kuma, musamman Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa, akwai abin da za mu iya. Iyalan da suka zo daga Tsafe ko Bungudu ko ƙauyukansu sukan kwana makonni a Gusau ba su da kowa. Kwanon abinci a kowace rana, wankin zannuwa, wurin kwana ga mai jinya, saƙa ƙananan huluna da safa, ba da jini idan an nema, duk taimako ne na gaske. Matan da suka taɓa renon bakwaini har ya girma su ziyarci sababbi, gama gani ya kori ji. Mai mura ko tari ya aika da gaisuwarsa, kada ya je.

8. Komawa gida

Likitoci sukan sallami bakwaini idan yana numfashi lafiya ba tare da taimako ba, yana shan nono a jiki ko a kofi, nauyinsa yana ƙaruwa kwana uku a jere, ɗuminsa yana tsayawa a ƙirjin uwa, ita kuma uwar ta nuna ta iya kula da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne dalilin dukan matakan da muka lissafa. Kafin a fita, uwa ta yi yini da kwana tana yin komai da kanta, ma'aikata suna kusa.

A gida a ci gaba da goyon ƙirji har yaron ya kai kimanin kilo biyu da rabi, ko ya fara mutsu-mutsu yana ƙin ɗaurin. A tashe shi ya sha nono bayan kowace awa biyu ko uku, domin bakwaini ba ya yawan kukan yunwa. A cibiya a shafa man da asibiti ya bayar kawai, ban da gashi da tsumma, ban da man goge baki. A nisantar da shi daga hayaƙin itace da na garwashi, kada kuma a sa ƙwayoyin kafur a cikin kayansa, domin suna iya tayar da shawara mai tsanani. Idan an sauke shi daga ƙirji, a kwantar da shi rigingine a cikin gidan sauro.

A koma asibiti nan da nan, ko da wane lokaci ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya ƙi shan nono, jikinsa ya yi sanyi ko zafi, numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko yana nishi, ya dakata da numfashi har ya canza launi, jikinsa ya saki ba ya motsi, yana jijjiga, idanunsa ko tafin hannunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura, cibiyarsa ta yi ja ko tana wari.

A kiyaye ranakun da aka ba da na dawowa awo, da na allurar rigakafi. Ƙanƙantar yaro ba ta hana rigakafi, shi ne ma ya fi bukatarsa. Ƙananan da suka daɗe a kan oksijin, a tambayi likita game da duba idanunsu da jinsu tun da wuri. Kuma kada a gwada shi da sa'o'insa na haihuwa. Yaron da aka haifa saura wata biyu, idan ya cika wata shida, a lissafa shi kamar ɗan wata huɗu wajen zama da rarrafe. Haka ake lissafi har ya kai kimanin shekara biyu.

9. Idan an yi rashi

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: ba kowane bakwaini ne ke rayuwa ba, ko da an yi duk abin da ya kamata. Waɗanda aka haifa kafin mako 28 musamman suna da wuyar ceto a inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Idan haka ta faru, a bar iyaye su riƙe ɗansu in suna so, a bar su su yi kuka. Kada a ce musu ai bai zama mutum ba tukuna, ko a ce za su sami wani. A yi musu ta'aziyya kamar yadda ake yi wa duk wanda ya rasa ɗa. Daga baya su koma wurin likita su ji abin da ya faru, su ba da tazara kafin wani ciki, kuma in ya samu a fara awo da wuri, a gaya wa ma'aikata tarihin haihuwar da ta wuce.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne maganganu ne muka saba faɗa a gaban uwar bakwaini waɗanda ke karya mata zuciya? Me za mu faɗa a madadinsu?
2. A cikin al'adunmu na jego, waɗanne ne ke taimakon bakwaini, waɗanne ne kuma ya kamata a jinkirta ko a bari?
3. Me ke hana maza yin goyon ƙirji, kuma wa zai iya fara nuna misali a tsakaninmu?
4. Idan naƙuda ta zo wa mace a unguwarmu da yamma alhali cikinta wata bakwai ne, motar wa za a nema, kuma wane asibiti za a nufa?

Aikin wannan mako

Kowace ƙungiya ta nemi ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti ɗaya daga cikin jama'armu, ta zo da 'yar tsana da zani ta nuna yadda ake ɗaura goyon ƙirji, maza da mata kowa ya gwada da hannunsa. A kuma rubuta sunayen gidaje biyu ko uku a Gusau da za su iya saukar da mai jinya daga Tsafe ko Bungudu, a ba shugabannin ƙungiya su ajiye.